Kimiyya a Kicin: Ranar da tukunyar lantarki ta mayar mana da alkubus dutse

Wannan makon ba allo ba alli, kicin za mu shiga. Samarin da suka fara shirin juya shafi su dakata tukuna, domin a cikin labarin akwai tambayoyi aƙalla uku irin waɗanda WAEC da NECO ke son yi a Fiziks da Bayoloji. Ban da haka, duk wanda Allah ya kai shi ɗakin kwanan ɗalibai a jami'a, wata rana cikinsa zai tambaye shi abin da ya iya dafawa.

A hutun da ya wuce mun je gida Faru, a Ƙaramar Hukumar Maradun. Muka tarar da wata baƙuwa a ɗakin Inna: tukunyar lantarki mai dafa abinci da matsin tururi, wadda yayarmu da ke aure a Kano ta aiko. Wata huɗu tana zaune a saman kabad cikin kwalinta, an lulluɓe ta da zane kamar kayan jeren amarya. Inna ta ce an ba ta labarin irin wannan tukunya, wai huci take yi kamar kububuwa, don haka ita ba ruwanta da ita. Autarmu kuwa, 'yar aji biyu a babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, tun ranar da aka kawo tukunyar ba ta samu barci mai daɗi ba. Ta ga wani bidiyo a wayar ƙawarta inda wata mata 'yar ƙasar Sin ta fitar da wasu fararen curi-curin burodi daga irin wannan tukunya, masu laushi kamar auduga. Muna sauke jaka ta tare mu: "Yaya, don Allah ku sa baki Inna ta bari mu gwada."

Abin da ta gani Sinawa na kiransa mantou idan babu komai a cikinsa, idan kuma an cusa masa nama ko ganye sai su ce baozi. Abincin yau da kullum ne a arewacin ƙasar Sin, inda alkama ta fi shinkafa yawa. Da muka kalli bidiyon sai dariya ta kama mu, domin gari ne da yis da ruwa, a bari ya tashi, a turara. Wato ɗan uwan alkubus ɗinmu ne, bambancin kawai nasu kwaɓin ya fi tauri har ana iya cura shi da hannu, namu kuwa ana zuba shi a gwangwani. Zulu na Afirka ta Kudu ma suna da nasu burodin da ake turarawa, suna ce masa ujeqe. Shi kuma sunan alkubus daga Larabci ya zo mana, daga kalmar alkhubz wadda ke nufin burodi, kamar yadda ita kanta alkama da gurasa sunayensu na Larabci ne. Duk wanda ya duba waɗannan sunaye uku zai gane ta hanyar da wannan abinci ya iso ƙasar Hausa: hanyar fatake da malamai masu ƙetaro Sahara.

Mu mutanen wannan yanki ba baƙin alkama ba ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, noman rani ya zama sana'ar gidaje da yawa a Talata Mafara da Bakura da Maradun, kuma alkama shukar sanyi ce, ana shuka ta da shigowar hunturu a girbe ta kafin zafin bazara ya yi ƙarfi. Duk da haka, mafi yawan alkamar da ake niƙa fulawa da ita a Najeriya daga ƙasashen waje ake shigo da ita, shi ya sa duk lokacin da dala ta hau, ko yaƙi ya ɓarke a ƙasar da ke noma ta, kamar yadda ya faru tsakanin Rasha da Yukren a 2022, sai mai fanke a ƙofar makarantarku ta rage girman fankenta. Mun kawo wannan ne don ku san cewa garin da muka yi gwaji da shi ba abin wasa ba ne. Inna ta ba mu shi ne daga wanda ta tanada don baƙi, tare da gargaɗi.

Kwana biyu muka yi muna jiran wuta. Ranar ta uku da hantsi ta zo. Auta ta yi kwaɓi yadda aka koya mata, ya tashi ƙwarai har ya kusa taɓa murfin roba. Muka shafa wa gwangwanayen madara mai, muka zuba, muka jera a kan ɗan ƙarfen da ke zuwa tare da tukunyar, muka sa ruwa kofi biyu a ƙasa. Sai muka rufe murfi, muka juya bawul ɗin da ke samansa zuwa wajen toshewa, muka danna maɓallin matsi mai ƙarfi, minti 20. Tunaninmu shi ne, tunda tukunyar matsi ce, ai da matsi za a yi komai. Da ta yi ƙara alamar ta gama, ɗoki bai bar mu mun jira ba, muka buɗe bawul nan take. Tururi ya yi sama da huci, Inna ta yi salati daga tsakar gida.

Abin da muka tarar a ciki ba shi da kyan gani. Kowane alkubus ya janye daga jikin gwangwani, ya yamutse, samansa ya yi santsi kamar roba, cikinsa ya cushe babu ƙofofin nan da ke shan miya. Inna ta ɗauki ɗaya ta juya shi a hannu, ta ce: "Wanga alkubus ne ko dutsen guga?" Auta ta kusa yin kuka. Kaji ne suka ci riba a ranar, su ma sai da aka jiƙa musu.

To me ya faru? A nan darasin yake, sai ku gyara zama.

Abin da ke tayar da kwaɓi halitta ce mai rai. Yis ƙwayar halitta ce 'yar mitsitsiya daga dangin naman gwari, wadda masanin Faransa Louis Pasteur ya nuna tun a 1857 cewa aikin rayuwarta ne ke haddasa tsami da kumfa. Tana cin sukarin da ke cikin kwaɓi, tana fitar da iskar kabon dayoksaid. Ita kuma alkama tana da wani sinadarin furotin da ake kira gulutin, wanda idan ya sha ruwa aka buga shi yake zama kamar danƙo, ya riƙe iskar a cikin dubban ƙananan balan-balan. Shi ya sa garin gero ko na dawa zalla ba ya tashi ya tsaya kamar na alkama: ba su da wannan danƙon. Idan zafi ya shiga kwaɓin, balan-balan ɗin na ƙara kumbura, yis ya mutu a wajen digiri 60, sannan sitacin garin ya sha ruwa ya nuna, bangon kowace balan-balan ya daskare a inda yake. Laushin alkubus ba komai ba ne illa iskar da aka kama aka tsare a cikin gari.

Yanzu ku dubi abin da tukunyar matsi ke yi. A buɗaɗɗiyar tukunya, a bakin teku, ruwa na tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyos, kuma komai yawan iccen da aka tura ba zai wuce haka ba, sai dai ya ƙone da sauri. A nan wajenmu yana tafasa ƙasa da haka da kaɗan, a Jos kuwa da ke kan tsauni a wajen digiri 96, saboda iskar da ke danna saman ruwan ta fi sauƙi a can. Idan aka toshe tukunya tururi ya rasa hanyar fita, sai ya taru ya danne ruwan, ruwan ya kasa tafasa sai zafinsa ya haura. A irin tukunyarmu ta lantarki zafin na kaiwa wajen digiri 115 zuwa 118, matsin da ke ciki kuma ya kusa ninka na iskar waje. Wannan ƙarin zafi ne ke sa wake ko ganda su nuna cikin ɗan lokaci.

Wanda ya fara ƙera irin wannan tukunya wani Bafaranshe ne mai suna Denis Papin, a birnin Landan a 1679, kuma ƙashi ya riƙa dafawa a cikinta har ya yi laushi. Shi ne ya sa mata bawul mai sakin tururi idan matsi ya yi yawa, don kada ta fashe. Abin sha'awa, Papin ya yi aiki tare da Robert Boyle, mutumin nan da kuke haddace dokarsa ta 1662: idan zafi bai canja ba, aka ninka matsi a kan iska, girmanta zai koma rabi. Da mun tuna da Boyle a ranar, da garin Inna bai salwanta ba. Mun ɓata awa guda yis na hura mana balan-balan, sai muka sa su a inda matsi zai matse su, suka nuna a matse. Da muka buɗe bawul farat ɗaya kuma, matsin ya faɗi cikin daƙiƙu, ruwan da ke cikin alkubus ɗin, wanda zafinsa ya haura 100, ya rikiɗe tururi a lokaci guda, ya yayyaga ɗan abin da ya rage na bangon, iskar waje mai sanyi ta shiga, komai ya zube. Laifi biyu muka yi a girki ɗaya.

Ashe ita matar da ke cikin bidiyon ba ta toshe tukunyarta ba. Da muka sake kallo a hankali sai muka ga tururi na fita ta saman murfin tun daga farko har ƙarshe. Madambaci kawai ta mayar da ita.

Washegari muka sake roƙon gari. Inna ta ba mu rabin na jiya, ba tare da ta ce uffan ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Wannan karon muka bar bawul a buɗe, muka danna maɓallin da aka rubuta Steam. Abu na farko da muka lura shi ne agogon tukunyar ya ƙi fara ƙirga, domin an tsara shi ne ya jira matsi ya taru kafin ya soma, matsi kuwa ba zai taru ba tunda ƙofa a buɗe take. Muka koma ga agogon waya. Komai na tafiya daidai, ƙamshi ya fara tashi, sai bayan minti ashirin da 'yan kai muka ji ƙauri, tukunyar ta yi ƙara ta kashe kanta. Ruwan ya ƙone ƙaf. Allah ya taimake mu alkubus ɗin ya riga ya nuna, ya ciwu, sai dai da ɗan warin ƙauri.

Auta ce ta ɗauko biro ta gano dalilin, kuma muna so kowannenku ya bi lissafin da kansa. Tukunyarmu mai lita 6 ce, an rubuta wat 1,000 a ƙasanta, wato tana ba da jul 1,000 na zafi a kowace daƙiƙa. Kofi biyu na ruwa rabin lita ne, nauyinsa rabin kilo. Don a ɗaga zafin rabin kilo na ruwa daga digiri 30 zuwa 100 ana buƙatar 0.5 sau 4,200 sau 70, wato jul 147,000, abin da tukunyar za ta bayar cikin minti biyu da rabi. Amma don a mayar da wannan ruwan tururi gaba ɗaya ana buƙatar 0.5 sau 2,260,000, wato jul 1,130,000, kimanin minti 19. Ku haɗa biyun ku ga ko bai yi daidai da lokacin da muka ji ƙauri ba. A rufaffiyar tukunya kofi biyu ya isa, saboda tururin ba ya zuwa ko'ina. A buɗaɗɗiya kuwa kowane huci da kuka gani ruwa ne ke tafiya.

Inna tana jin wannan bayani ta ce ita ba ta san jul ba, amma ta san ba a ɗora alkubus da ruwan da bai kai rabin ɗan yatsa ba, kuma a kan ajiye tafasasshen ruwa a gefe don ƙari. Shekara nawa tana yi a tukunyar ƙarfe, ta jera kara a ƙasa, ta ɗora gwangwanaye, ta rufe da buhu mai tsabta kafin murfi. Ba mu da abin cewa.

Ga yadda muka yi a karo na uku, wanda ya fito yadda ake so. Garin alkama kofi 2, fulawa kofi 1. Ana iya yin sa da fulawa zalla, zai fi fari da laushi, amma na alkama ya fi ƙamshi da riƙe ciki, kuma dusar da ke cikinsa na da amfani ga hanji. Yis ƙaramin cokali 2, sukari babban cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali, man gyaɗa babban cokali 2, ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabi, a ƙara kaɗan idan garin ya sha. Kafin ku taɓa gari ku gwada yis ɗin: ku zuba shi a rabin kofin ruwan ɗumi da sukarin, ku jira minti 10. Idan ya yi kumfa yana da rai. Idan ya kwanta shiru ya mutu, ku nemo wani, kada ku yi asarar gari a kansa. Yis ɗin da aka buɗe aka bari a shago cikin zafi yakan mutu ba tare da ya canja kama ba. Ɗumin ruwan kuma ya zama wanda za ku iya barin yatsa a ciki ba tare da jin zafi ba. Ruwan da ya ƙona yatsa ya kashe yis.

Ku haɗa komai ku buga da hannu ko muciya na minti 5 zuwa 8, har kwaɓin ya riƙa jan jiki idan an ɗaga shi. Ya fi na fanke kauri, amma bai kai na burodi ba. Wannan bugun ne ke gina danƙon da muka ambata, kuma a nan masu gaggawa ke faɗuwa. Ku rufe ku ajiye har ya ninka girmansa. Kada ku riƙe agogo a wannan mataki, ku riƙe ido: a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Zamfara, rabin awa na iya isa, kuma idan kuka manta da shi zai yi tsami ya faɗa. A cikin hunturu yana iya cin fiye da awa guda. Idan tukunyarku na da maɓallin Yogurt, to ga amfaninsa a lokacin sanyi, domin yana riƙe ɗumi a wajen digiri 40, ku sa robar kwaɓin a ciki ku rufe. Amma ku kiyayi maɓallin Keep Warm. Sunansa na yaudara, zafinsa ya haura digiri 60, kabarin yis ne.

Idan ya tashi, ku ɗan buga shi ya saki iska, ku zuba a gwangwanayen da aka shafa wa mai, rabi kawai, ku bar su minti 10 su sake ɗagowa. Ku zaɓi gwangwanin da ba shi da tsatsa, ku daddanne bakinsa da dutse ko guduma don kada ya yanke ku. Ku zuba ruwa lita ɗaya a tukunya, wato kofi huɗu. Idan ƙarfen ɗorawar gajere ne har ruwan na neman shiga gwangwani, ku kifa wasu gwangwanaye marasa komai a ƙarƙashinsa su ɗaga shi. Shida ko bakwai ne ke shiga a lokaci guda. Ku shimfiɗa ɗan tsabtataccen ƙyalle a saman gwangwanayen don ya tare ruwan da ke ɗigowa daga murfi, wanda shi ke sa saman alkubus ya yi tabo, amma ku naɗe gefensa ciki kada ya kusanci ramin bawul. Bawul a buɗe. Daga lokacin da tururi ya fara fita sosai ku ƙirga minti 20. Ku kashe, ku jira minti 5 ba ku taɓa murfi ba, don zafin ya sauka a hankali. Sannan ku buɗe, ku soka tsinke a tsakiyar ɗaya. Idan ya fito a bushe, a kawo miyar taushe.

Wani zai tambaya, me ya sa alkubus ba ya yin ja kamar burodin gidan biredi? Saboda launin ruwan ƙasa da ɓawon burodi na samuwa ne idan saman kwaɓi ya bushe zafinsa ya kai wajen digiri 140 zuwa sama, inda sukari da furotin ke haɗuwa su canja launi. Tururi ba ya kaiwa can, kuma ba ya barin saman ya bushe.

Sai batun da ya fi girki muhimmanci. Lambar nan 2,260,000 da muka yi lissafi da ita, ita ce dalilin da ya sa ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni. Giram ɗaya na tafasasshen ruwa idan ya zuba a fata ya huce zuwa zafin jiki, jul 265 yake saki. Giram ɗaya na tururi kuwa, kafin ma ya fara hucewa, yana sakin jul 2,260 a lokacin da yake komawa ruwa a kan fatar, fiye da ninki takwas. Don haka fuska da hannu su yi nesa da saman bawul, a juya shi da doguwar muciya, a kau da ƙannai daga wurin, a buɗe murfi ta yadda tururin zai yi gaba ba wajen fuska ba. 'Yan mata ku kula da gefen hijabi. Duk ranar da aka yi girki da matsi, akwai ɗan ƙarfe a murfin da ke ɗagowa idan matsi ya taru. Muddin bai koma ƙasa ba, ba a kokawa da murfi. Idan tsautsayi ya faɗa, a sa wurin a ƙarƙashin ruwan sanyi mai tsabta na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba, ba manja ko ɗanyen ƙwai ba, duk da mun san akwai kaka a kowane gida da za ta rantse da ɗaya daga cikinsu. Idan ƙunar ta yi faɗi, ko ta taɓa fuska, ko ƙaramin yaro ne, a tafi asibiti.

Wuta ma tana da nata ƙa'idoji. Kafin a jona kowace tukunya a duba rubutun da ke ƙasanta. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Kayan gwanjo da aka yi don Amurka na bolt 120 ne, kuma jona su kai tsaye na nufin hayaƙi da asara. A jona ta a soket ɗin bango, ba a siririyar wayar ƙari da ake cajin waya da ita ba. Ƙaramin janaretan nan na shago wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauke ta ba. Masu sola kuma su sani cewa wat 1,000 daga batir mai bolt 12 na jan sama da amfiya 80, abin da zai kwantar da ƙaramin batir kafin alkubus ya nuna. Idan wuta ta zo da rauni, a ce bolt 160, zafin da tukunyar ke bayarwa ba kaɗan yake raguwa ba, yana komawa ƙasa da rabi, domin ƙarfin na tafiya ne da bolt sau bolt. Shi ya sa Inna ta hura gawayi a gefe a karo na uku, ta ce ita ba ta amince wa abin da ke tafiya ba sallama ba. Shawara ce mai kyau: idan aka ɗauke wuta a tsakiyar turare, ku mayar da gwangwanayen cikin tukunyar da ruwanta ke tafasa ba tare da ɓata lokaci ba.

To, shin ya kamata gida ya sayi wannan tukunya don alkubus? A ra'ayinmu, a'a. Duk abin da ta yi mana a karo na uku, tukunyar Inna da karanta suna yi, kuma suna ɗaukar gwangwani ashirin a tashi ɗaya. Inda ta ciri tuta shi ne wake da ganda da ƙafar sa, abubuwan da ke cinye icce, domin a nan ne matsi ke aikinsa. Kuma ba ma raina wannan. Kowa a yankinmu ya san shiga daji neman icce ya zama abin da ake yi da fargaba a 'yan shekarun nan, kuɗinsa kuma ya hau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya a 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Ku tuna jan idon iyayenku mata bayan girkin dare. Girki ɗaya na alkubus a tukunyar lantarki bai wuce kimanin rabin yunit na mita ba, ba hayaƙi ba toka. Matsalar ba ta tukunyar ba ce, ta wutar da za a jona ta ce, kuma muna fata a cikin masu karanta wannan shafi akwai injiniyoyin da za su yi aiki a kan wannan.

Kafin mu baro Faru, Inna da kanta ta dafa wake a cikinta, tana tsaye daga bakin ƙofa tana ba Auta umarnin abin da za ta danna. Kwalin dai ta ce a ajiye mata shi.

Aikin gida na wannan mako: wata tukunya mai wat 900 an zuba mata ruwa mililita 800 mai zafin digiri 25, an bar bawul a buɗe. Idan muka ɗauka duk zafin na shiga ruwan ne, minti nawa za ta yi kafin ruwan ya tafasa, kuma minti nawa bayan haka kafin ya ƙone? Sannan ku faɗa mana dalili ɗaya da zai sa a zahiri ruwan ya daɗe fiye da abin da lissafi ya nuna. Ku rubuto amsa tare da ajinku da sunan makarantarku, za mu buga sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, in sha Allah.